Sarakunan Normawa da Dokar da Suka Tarar

A cikin shekarun 1070, a wani fili da ake kira Penenden Heath cikin lardin Kent na kudancin Ingila, an yi zaman shari'a na kwana uku. Mai ƙara shi ne Lanfranc, babban limamin cocin Kantabari, mutumin Italiya da bai daɗe da hawa kujerar ba. Wanda ake ƙara kuwa Odo ne, bishop na Bayeux kuma hakimin Kent, ɗan'uwan Sarki Wiliyam uwa ɗaya. Zargin da ake yi masa shi ne shi da mutanensa sun haɗiye gonaki da haƙƙoƙin da cocin ya gada. Sarki ya ba da umarni a tara lardin kaf, baƙi da 'yan ƙasa, musamman waɗanda suka san yadda ake yi tun da. Cikin waɗanda aka kira har da wani dattijo mai suna Etelrik, tsohon bishop na Selsey, wanda aka tuɓe a 1070 a ƙarƙashin mulkin shi Wiliyam ɗin. Tsufa ya cim masa sosai, sai a keken doki aka ɗauko shi, don kawai ya bayyana wa taron al'adar ƙasar. Lanfranc ya yi nasara, ɗan'uwan sarki ya amayar da abin da ya ci.

Lokacin bai wuce 'yan shekaru da yaƙin Hastings ba, inda ranar 14 ga Oktoba 1066 rundunar Wiliyam, sarkin Normawa, ta kashe Sarki Harold tare da manyan mayaƙan Ingila. Arewacin ƙasar da ya yi tawaye an ƙone shi ƙurmus a hunturun 1069 zuwa 1070, yunwa ta biyo baya ta kashe mutane ba adadi. Mai irin wannan hannu ba ya bukatar jin ta bakin tsoho kafin ya raba gardama tsakanin limaminsa da ɗan'uwansa. Duk da haka ya aika aka ɗauko shi.

Na yi aikin rajistara a kotu har na yi ritaya, na kuma ga irin wannan dattijo sau da yawa. Rigimar iyakar gona in ta yi tsami, akan goyo shi a babur, a shimfiɗa masa tabarma, alƙali ya sassauta murya ya ce, "Baba, a saninka, ina iyakar ta tsaya? A gindin kukar ko a jikin gambar?" Alƙali yana da iko, ɗan sanda yana bakin ƙofa, amma hukuncin da zai zauna bayan an watse shi ne wanda ya fito daga bakin tsohon. Akwai kuma abin da mazauna benci ba sa lura da shi. Kotu ce ke yarda da wanda za a kira, ita ke tsara tambayar, sannan abin da alƙalamin rajistara ya kama shi zai zama maganar Baba har abada. "Ina jin" da "kamar dai" ɗin da ya yi ba sa shiga littafi. Da wannan idon nake karanta tarihin Normawa, kuma a ganina sirrin mulkinsu yana nan: sun gane cewa wanda ke tara dattawa, ya yi tambaya, ya rubuta amsa, shi ke riƙe da doka ko da bai kafa ko guda ba.

Asalin Normawa maharan teku ne daga arewacin Turai, wajajen Denmak da Norwe. A shekarar 911 Sarki Sharl na Faransa, da ya gaji da hare-harensu, ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasar da ke bakin kogin Seine tare da birnin Rouen, bisa sharaɗin ya karɓi Kiristanci kuma ya tsare kogin daga sauran mahara. Kafin a je ko'ina jikokinsu sun bar harshen kakanni sun koma Faransanci. A suna, mai mulkin Normandi yana ƙarƙashin sarkin Faransa. A aikace cin gashin kansa yake yi, don haka zan riƙa kiransa sarkin Normandi.

Ba su zo da littafin doka ba, ba su kuma yi gaggawar rubuta nasu ba. An yi kusan shekara 300 daga zamanin Rollo kafin a samu kundin al'adar Normandi. Mafi yawan abin da ake bi tarar da shi suka yi, ragowar tsarin daular Sharlaman ne. Wasu 'yan abubuwa ne masana ke dangantawa da arewa: ikon sarki na korar mai laifi ya zama ba shi da kariyar kowa, tsananin hukunci ga wanda ya afka wa mutum a cikin gidansa, da haƙƙin sarki a kan abin da teku ya jefo gaɓa, kamar kayan jirgin da ya fashe da manyan kifaye. Sauran duk a kawunan mutane yake, ana tono shi ne in rigima ta taso.

Takardar da ta fi nuna yadda al'ada ta zama makamin sarki an rubuta ta ne a birnin Caen a watan Yuli 1091. Wiliyam ya mutu a 1087, babban ɗansa Robert ya samu Normandi, ƙanensa Wiliyam Rufus ya samu Ingila. Da jin labarin mutuwarsa manyan hakimai suka fatattaki dakarun da ya girke musu a gidajen yaƙinsu, ƙasa ta yamutse. Da 'yan'uwan biyu suka ɗan sasanta, sai suka tara limaman coci da hakimai suka ce a faɗi haƙƙoƙin da mahaifinsu ke da su. Abin da aka rubuta yana da daɗin karatu saboda ba ya kwana-kwana. Ba wanda zai haƙa gwalalo a fili mai zurfin da ya wuce inda mutum zai tsaya a ƙasa ya watso ƙasar waje da shebur. Ba wanda zai yi kafi fiye da layi ɗaya, balle ya gina gidan yaƙi. Duk gidan yaƙin da ke ƙasar, in sarki ya nemi a miƙa masa, dole a miƙa. Yana iya karɓar ɗan hakimi ya riƙe a matsayin jingina. Ba a ƙona gida ko injin niƙa don ramuwar gayya. Ba a tare mai zuwa fada ko mai komowa daga can, ba a taɓa fatake da masu tafiya ziyarar ibada. Ba a buga kuɗi sai a Rouen da Bayeux, kuma rabin kowane kwabo ya zama azurfa.

Babu zancen aure ko gado a nan. Jerin takunkumin da sarki ya sa wa manya ne. Amma ba a rubuta shi da sigar "mun umarta" ba, an rubuta shi ne da sigar "haka abin yake a zamanin mahaifinmu". Alhali yawancinsa Wiliyam da ƙarfin tsiya ya tabbatar da shi, tun daga 1047 da ya murƙushe 'yan tawaye a Val-ès-Dunes aka rushe gidajen yaƙin da suka gina ba izini. Cikin shekara 44 abin da takobi ya kafa ya riga ya zama gargajiya, har waɗanda aka ɗaure da shi su ne ke ba da shaida a kansa.

A Ingila dabarar ta fi fitowa fili. A bakin Wiliyam, gado ya zo karɓa. Sarki Edwad da ya rasu a Janairu 1066 bai bar ɗa ba, mahaifiyarsa Emma kuwa 'yar'uwar kakan Wiliyam ce. Wiliyam ya ce Edwad ya yi masa alkawarin sarauta, Harold ya rantse zai mara masa baya sannan ya ci amana. Aka naɗa shi a Westminster ranar Kirsimeti 1066 bisa tsarin naɗin sarakunan Ingila. Ba da jimawa ba ya aika wa mutanen Landan wata 'yar gajeriyar takarda da harshensu, yana tabbatar musu za su ci gaba da dokokin da suke kai a zamanin Edwad, kuma kowane ɗa zai gaji ubansa. Takardar tana nan a ajiye a Landan har yau.

Abin lura shi ne Edwad bai bar wata doka a rubuce ba. Kundi na ƙarshe kafin zuwan Normawa na Sarki Kanut ne, wajen 1020. Saboda haka "dokar Edwad" tana nufin yadda abubuwa suke kafin baƙi su zo, kuma wanda ke da ikon cewa ga yadda suke shi ne mai ita. Ta yi farin jini har a ƙarni na 12 wani ya zauna ya tsara littafi ya laƙaba masa sunan dokokin Edwad, mutane suka karɓa.

Gaskiya ne Wiliyam ya bar abubuwa da dama yadda ya same su: kotunan lardi da na gunduma, wakilan sarki na larduna, takardar umarni mai hatimi, harajin ƙasa, da tsarin buga kuɗi, don sun fi na gidansu tsari. Ƙasar kanta ce ta canza hannu. A Kirsimetin 1085 a Gloucester ya yanke shawarar a ƙidaya dukiyar Ingila, a 1086 wakilansa suka bazu. A kowace gunduma an rantsar da mutane, Normawa da 'yan ƙasa, an kira limamin coci da wakilin gari da manoma shida daga kowane ƙauye. Wa ke riƙe da wannan ƙasa a zamanin Edwad? Wa ke riƙe da ita yanzu? Garma nawa, manoma nawa, bayi nawa, daji nawa, injin niƙa nawa? Nawa take bayarwa a da, nawa lokacin da sarki ya ba da ita, nawa yanzu, kuma za a iya samun ƙari? Wani marubucin ɗan ƙasa na lokacin ya koka cewa ko sa ko saniya ko alade ba a bari ba a rubuta ba. Sakamakon shi ne littafin Domesday, mai ɗauke da wurare sama da 13,000.

Littafin yana auna komai ne daga ranar da Edwad ya rasu. Watanni tara na mulkin Harold an tsallake su kamar ba a yi ba, shi kansa ma hakimi ake kiransa. Ƙa'idar rabon kuwa ita ce duk Banormen da aka ba ƙasar wani ɗan Ingila ya gaji dukkan haƙƙoƙin wancan, ba ƙari ba ragi. To ka ga in Normawa biyu suna jayayya a kan wata fadama, manoman Ingila ake rantsarwa su faɗi abin da tsohon ubangidansu yake da shi, wanda aka kashe a Hastings ko aka kora, don a san rabon wanda ya maye gurbinsa. Da tunanin 'yan ƙasa aka tabbatar wa baƙi mallaka. A 1086, cikin manyan masu riƙe da ƙasa kai tsaye daga hannun sarki, 'yan Ingila biyu kacal masana kan ambata da wani girma: Thorkell na Arden da Colswein na Lincoln.

Inda tsaron kansu ko jin daɗinsu ya taɓu kuwa, Normawa ba su jira al'ada ba. In aka tsinci gawar Banorme ba a kawo wanda ya kashe shi ba, gundumar baki ɗaya za ta biya tara mai nauyi, kuma kowace gawa ana ɗaukarta ta Banorme ce sai an kawo shaidar cewa ta ɗan ƙasa ce. An keɓe manyan yankuna, irin su New Forest, a matsayin gandun farautar sarki, da dokarsu ta daban wadda ta fifita barewa a kan manomi. An shigo da raba gardama ta hanyar fito-na-fito da makami, abin da Ingila ba ta sani ba, ko da yake an bar wa ɗan ƙasa zaɓi ya ɗauki ƙarfe mai zafi a hannu maimakon faɗa, kamar yadda ya saba. An kuma raba shari'ar da ta shafi addini daga kotun gunduma aka mayar da ita hannun coci.

Mai karatu zai iya cewa ashe zancen al'adar duk yaudara ce. Ban yarda ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya jingina sarautarsa a kan cewa shi mai tsare haƙƙin da ya tarar ne ya ba talaka abin da zai kama shi da shi. Wiliyam ya mutu a Rouen ranar 9 ga Satumba 1087, aka kai gawarsa Caen don a binne a babban cocin da ya gina. Orderic Vitalis, wani malamin coci da ya rubuta tarihin zamanin, ya ba da labarin cewa ana tsakiyar hidima sai wani mutum mai suna Asselin ya miƙe a cikin jama'a ya ce filin nan na mahaifinsa ne, ƙwace shi aka yi ba a biya ba, kuma ya hana a rufe azzalumin da ƙasarsa. Ba wanda ya sa a kama shi. Limaman suka tambayi maƙwabta, suka tabbatar da maganarsa, aka ba shi sule 60 nan take kuɗin wurin kabarin, aka yi alkawarin biyan sauran. Mutumin da ya raba Ingila kamar ganima bai shiga kabarinsa ba sai da aka bi masa hanyar da shi ya ɗora kowa a kai, wato tambayar maƙwabta.

'Ya'yansa ma haka bashin ya bi su. Kibiya ta kashe Wiliyam Rufus a wurin farauta a New Forest ranar 2 ga Agusta 1100. Ƙanensa Henri ya yi wuf ya kama baitulmali, kwana uku bayan nan aka naɗa shi, tun kafin yayansu Robert ya dawo daga yaƙin ƙasar Ƙudus. Da yake ƙafarsa ba ta tsaya da kyau ba, sai ya fitar da takarda yana alkawarin kawar da miyagun al'adun da ɗan'uwansa ya ɗora: kuɗin da magaji zai biya kafin ya karɓi ƙasar ubansa zai zama daidai gwargwado, ba za a aurar da matar da mijinta ya mutu dole ba, kuma za a dawo da dokar Edwad tare da gyare-gyaren da mahaifinsa ya yi. Gandun farauta dai ya ce yana nan a hannunsa. Henri bai cika yawancin alkawuran ba. Amma an kwafi takardar an aika larduna, ta kwanta a akwatunan coci. Bayan shekara 115, da hakimai suka tasar wa Sarki John, ita suka zaƙulo suka ɗora bukatunsu a kai, har aka kai ga yarjejeniyar Magna Carta a Yuni 1215.

Rubuta al'ada ma yana da nasa haɗari, kuma jikan Henri ya ɗanɗana. Henri na Biyu, wanda ya hau gadon Ingila a 1154 yana kuma riƙe da Normandi, ya tara manya a Clarendon a 1164 ya sa aka rubuta, cikin sassa 16, abin da ya ce al'adun kakansa ne tsakanin fada da coci, ciki har da yadda za a hukunta ma'aikacin coci da ya yi babban laifi. Muddin abin yana baki, kowane ɓangare na iya kawar da kai. Da ya hau takarda sai ya zama dole a ce e ko a'a. Thomas Becket, babban limamin Kantabari, ya ƙi sa hatiminsa, Fafaroma ya yi tir da yawancin sassan, rikicin bai ƙare ba sai da baraden sarki huɗu suka kashe Becket a cikin cocinsa a Disamba 1170. Inda Henrin ya ci riba shi ne da ya buɗe wa talakawa 'yantattu ƙofar rantsar da maƙwabta. Wanda aka kora daga gonarsa zai sayi takardar umarni daga fada, a tara mutum 12 na unguwar su rantse a gaban alƙalin sarki su faɗi wanda ke ciki kafin korar. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kotun sarki, al'adun larduna suka riƙa narkewa cikin al'ada guda ta alƙalan fada. Tushen dokar Ingila da ake karantarwa a jami'o'inmu ke nan.

Wani reshen Normawa ya nufi kudu, kuma labarinsa ya fi kusa da mu. Tsibirin Siƙilliya ya shiga hannun Musulmi tun daga 827, lokacin da Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan kuma almajirin Imamu Malik, ya jagoranci runduna zuwa can. Normawa 'yan gidan Hauteville suka karɓi birnin Palermo a 1072, bisa yarjejeniyar cewa Musulmi za su riƙe addininsu da shari'arsu su biya haraji, suka gama cin tsibirin a 1091. Roja na Biyu, wanda aka naɗa sarki a 1130, ya riƙe diwani mai aiki da Larabci da Girkanci, inda ake ajiye rajistar iyakokin ƙasa da sunayen manoma, kuma a fadarsa Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154. Dokokin da ake dangantawa da taron Ariano na 1140 sun ce kowace al'umma a masarautar ta ci gaba da dokarta da al'adarta, sai fa inda suka yi karo ƙarara da dokar sarki. Wannan "sai fa" ɗin ita ce kan maganar, don sarki ne ke faɗin inda aka yi karo.

Duk wanda ya karanta Mukhtasar na Halil a zaure ya san sunan Maziri, ɗaya daga cikin malamai huɗu da Halil ke dogara da zaɓinsu. Asalin gidansu garin Mazara ne na Siƙilliya, ya rasu a Mahdiyya a 1141. An tambaye shi ko za a karɓi hukuncin alƙalin Siƙilliya, tun da sarkin da ba Musulmi ba ne ya naɗa shi. Ya amsa cewa naɗin bai ɓata hukuncin ba in alƙalin adali ne, domin mutane ba za su zauna ba tare da mai raba su ba. Matafiyi Ibn Jubair da ya ratsa tsibirin a 1184 zuwa 1185 ya tarar Musulmin Palermo da masallatansu da kasuwanninsu da alƙalinsu, amma an hana su huɗubar Juma'a, manyansu kuma suna cikin fargaba. Fargabar ba ta banza ba ce. Bayan rasuwar Wiliyam na Biyu na Siƙilliya a 1189 aka afka musu, daga shekarun 1220 Sarki Frederick na Biyu ya riƙa kwashe su zuwa Lucera a cikin Italiya, a 1300 aka tarwatsa wannan mazaunin ma aka sayar da mutanensa bayi.

Ita kuwa Normandi, al'adarta ta rayu bayan sarakunanta. Wajen 1200 wani masanin shari'a ya fara tattara ta a rubuce, da ƙashin kansa. A 1204 Sarki Filib na Faransa ya ƙwace ƙasar daga hannun John, shi ma ya bi sawun waɗanda ya kora, ya bar mata dokarta da babbar kotunta. A tsakiyar ƙarni na 13 aka samu babban kundin da kotuna suka riƙa aiki da shi. A 1315, da Normawa suka tayar da ƙayar baya saboda haraji, Sarki Luwi na Goma na Faransa ya ba su takardar da ta ce ba za a ɗaukaka ƙarar babbar kotunsu zuwa Faris ba, ba kuma za a ɗora musu sabon haraji ba sai da larura. An sabunta kundin a 1583, ya ci gaba da aiki har juyin juya halin Faransa da kundin Napoleon na 1804 suka share dokokin larduna. Tsibiran Jersey da Guernsey, waɗanda suka tsaya da sarkin Ingila a 1204, su ne ke riƙe da ita har yanzu. A can mutumin da ake taɓa masa fili yana iya durƙusawa gaban shaidu ya yi kururuwar neman agajin sarki da ake kira haro, dole mai aikin ya dakata sai kotu ta duba. Lauyoyin Guernsey sun daɗe suna zuwa jami'ar Caen koyon wannan doka.

Kada a ɗauka al'adar alheri ce ga kowa. Ta hakimai da magidanta maza ce, don su ake rantsarwa. 'Ya mace ba ta gado in tana da 'yan'uwa maza, sai abin da za a aurar da ita da shi, kuma duk yawan 'yan matan gida rabonsu ba ya wuce sulusi. Matar aure ba ta da tarayya a dukiyar miji kamar yadda ake yi a yankin Faris. Sai a 1791 aka daidaita gadon maza da mata. 'Yar Musulmin Palermo da alƙali ke yanka wa rabonta na gado a ƙarni na 12 ta fi 'yar Rouen samun tabbaci.

Mu ma wannan salon mulki ya iso gare mu, ta hannun magadan dokar Ingila. A Maris 1903 Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya tsaya a Sakkwato ya ce ikon da ke hannun masu sarauta ya koma hannun Turawa ta hanyar yaƙi. Shi bai fake da gado ba kamar Wiliyam. Amma ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, kotunan alƙalai za su ci gaba. Sannan "sai fa" ta biyo baya: an jera shari'ar Musulunci, mai littattafanta da malamanta, a sahun dokokin gargajiya, ana aiki da ita matuƙar ba ta saɓa wa abin da Bature ya kira adalci da lamiri ba. A 1910 kuma aka sa filayen Arewa baki ɗaya ƙarƙashin ikon Gwamna. 'Yan'uwanmu na Nijar sun gaji ɗaya ɓangaren tarihin, wato kundin Faransa da ya binne al'adar Normandi, ko da yake kotunansu na komawa ga al'ada a sha'anin aure da gado da gonaki, tare da masana al'ada a gefen alƙali.

Kalaman alkawarin kusan iri ɗaya ne a Landan a 1067, da Palermo a 1072, da Rouen a 1204. Abin da ya raba makomarsu shi ne ko waɗanda aka yi wa alkawarin sun ci gaba da samun hanyar bin bashinsu. Hakiman Ingila suna da dawaki da gidajen yaƙi, suka mayar da takardar 1100 ta zama Magna Carta. Normawa suna da kotunsu da haɗin kansu, dokarsu ta yi kusan shekara 600 bayan faɗuwar sarautarsu. Musulmin Siƙilliya suna da alƙali da diwani da yardar sarki, amma ba su da kujera a wurin da ake yanke shawara, shi ya sa da sarautar ta canza hannu ba su samu wanda za su kai wa ƙara ba. Sarakunan Normawa ba su girmama al'ada don tsoron Allah ko ƙaunar talaka ba. Sun ga ta fi arha a kan girke soja a kowane ƙauye, kuma sun cika ta ne daidai gwargwadon ƙarfin waɗanda ke iya tuna musu da ita.